Sauka Ka Gano Mini

Jega, 6 ga Maris, 1995

Abokina Shadrach,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Tabita da yaran duka. Yaya Ikko, yaya aikin bakin jiragen ruwa? Yaya ƙafar nan taka ta hagu da ta dame ka lokacin muna koyarwa a Maiyama? In har yanzu tana yi maka tsiya ka taho Aliero, masu ɗori ba su ƙare ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo bana ba sallama. Hamsatu tana gaida uwargida.

Katinka na Kirsimeti ya daɗe da isowa. Abin da ya hana ni amsawa shi ne tambayar da ka rataya a ƙarshensa, wai Malam Taswira me yake yi tun da aka yi masa ritaya. Rabon da wani ya kira ni da sunan nan tun muna kwalejin horon malamai. To ga amsa, ka yi dariyarka ka gama. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a labarin ƙasa ba, wanda ya tsufa yana zana wa 'ya'yan mutane nahiyoyi a allo, yau shi ne ɗan fassarar bidiyo a Sabon Gari.

Tun da aka ba mu jiha kowa ya samu rabonsa. Yaran da na koya wa riƙon alƙalami suna Birnin Kebbi cikin motoci, in sun wuce ta Jega sai su ɗaga gilashi. Ni rabona shi ne rumfar wani mai suna Tamu. Ya kafa ta da kwano bayan tasha, ya toshe kafofinta da tsofaffin buhunan albasa don ta yi duhu, ya sa talabijin da janareta da benci. Bayan la'asar ake farawa. 'Yan lodi, mahauta, 'yan kabu-kabu, duk wanda ya gama yininsa nan yake zuwa ya zube.

Kaset ɗin Tamu ba irin na Indiya ba ne da kowa ke so. Wani direba ne ya jibge masa kwali guda na tsofaffin finafinan Turawa, kusan dukansu labari ɗaya: akwai wani birni da ya nutse ƙarƙashin teku, mutanensa suna nan da ransu, kuma wata dabba tana gadin ƙofarsa. Shadrach, da ka ga aikin da ka ji kunya a madadinsu. Birnin da kwali aka yi shi, in an rufe ƙofar fada sai ka ga bango yana rawa. Dabbar mutum ne cikin rigar roba, in ya juya baya kana hango zif. Akwai wata mai hannuwa takwas da ake ja da zare, kuma zaren a fili yake. 'Yan kallo sun raɗa mata Ɗan Takwas. Jarumin kuwa ba wanda ya damu da sunansa, Jan Wando suke ce masa.

Tamu ya ɗauke ni ne don an ce masa na iya Turanci. Abin da bai sani ba, yawancin kaset ɗin ba da Turanci suke magana ba. Ina jin Italiyanci ne, kuma an kwafe su an sake kwafewa har muryar ta zama kamar ana dama fura. Ranar farko na tsaya gefen talabijin da sandata, na saurara, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Sai na buɗe baki na shiga ƙirƙira. Har yau abin da nake yi ke nan. Ina duban fuskokinsu in sa musu magana.

Akwai wanda suka fi so, ana sa shi duk ranar kasuwa. A cikinsa wani tsoho mai jirgi yana ɗaura wa Jan Wando hular ƙarfe kafin ya nutsa, yana ta motsa baki. Ban san me yake cewa ba. Na sa masa: "Sauka ka gano mini, ɗana. Ni idona ya gaji da kallon bisan ruwa." Ban san inda maganar ta fito ba. Yanzu ta bi gari. In mahauci zai aiki yaronsa rijiya sai ya ce sauka ka gano mini. Na yi shekaru ina koyar da sunayen koguna ba wanda ya riƙe ɗaya, ga shirme sun haddace.

Yanzu ga dalilin takardar. Kullum bayan an tashi sai wani ya tare ni ya ce, Malam, da gaske haka teku yake? In ce haka yake. Kai ka san iyakata Jebba, ranar da muka kai ɗalibai ganin gada. Ban taɓa ganin teku ba. Da ba ya damuna, amma kwanan nan na kasa zama. In na dawo gida sai in sake fita, in taka har gadar gulbi, in tsaya ina kallon ruwan da bai kai gwiwar jaki ba a wannan rani, in juyo. Hamsatu ta ce ko tsutsa ce ta kama ni.

Kai da kake ganinsa kullum ta tagar ofis, ka rubuto mini yadda yake. Ba na littafi nake so ba, wannan na fi ka saninsa.

Ka gaida Tabita, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Magaji Alelu


Jega, 29 ga Maris, 1995

Abokina Shadrach,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Na ji daɗi da ka ce ƙafar ta yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Amsarka ta iso, kuma ban gode ba. Na tambaye ka teku, ka ce mini ruwa ne mai yawa, yana wari da safe, kuma ka daina lura da shi. Tun muna makaranta haka kake, a ba ka shafi biyu ka cika layi ɗaya. Amma bar wannan, akwai abin da ya fi shi.

Ka tuna Imran, autana, wanda ka bari yana rarrafe? Yanzu ƙato ne, ya fi ni tsawo. Ya gama sakandare ya ƙi ci gaba, duk faɗan da na yi a banza. Hannunsa na injin ne. Shi ke gyara injinan ban ruwa na masu albasa a Aliero, shi ne kuma ke tayar da janaretan Tamu in ya yi gardama. Saboda haka duk fim ɗin da na fassara yana zaune a bakin ƙofa ya ji. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya ce yana so ya bi motar albasa zuwa Ikko ya nemi aikin injin a jirgin ruwa. Wai wani direba Lauwali, wanda ke kai kaya can, ya ce masa ana ɗaukar masu hannu irin nasa. Na ce masa ko zafin bana ne ya taɓa shi. Ya ce shi ya san ba wani birni a ƙarƙashin ruwa, ba yaro ba ne, kuma ya fi kowa ganin zif ɗin nan tun da ba fim ɗin da ke wuce shi. Amma wai in ina bayanin yadda ruwa ke tafiya har ya haɗe da sama, sai ya ji garin nan ya yi masa kaɗan kamar rigar da ya girme ta. Ya ce, "Baba, kai ka sa mini abin ga."

Na ce ban yarda ba. Ya ce to ba zai taka ko'ina ba sai na sa masa albarka, amma zai yi ta roƙo. Ka ga inda ya ɗaure ni. Da ya gudu da na samu abin zagi. Ya zauna, yana gaishe ni safe da yamma, yana kallona.

Za ka ce me ya sa na hana. Zan gaya maka, kai kaɗai. Na ga tafiya iri-iri. Duk ɗalibin da na ce masa duniya tana da faɗi ya tafi ya tabbatar, bai dawo ya ce mini na gode ba. 'Yan'uwan Imran mata duk suna gidajen mazansu, Ummukulsum ce mafi kusa, tana Maiyama. In ya tafi gidan nan ya zama ni da Hamsatu da kaji. Kuma Ikko ba Jega ba ce. Mun ga yadda mutanenmu suka yi ta kwararowa gida da kaya a ka shekarun baya da gari ya rikice. Sannan ruwa. Yaron da iyakar iyonsa gulbin da ake wanke shanu.

Ita Hamsatu ta jira ya gama. Da ya fita ta ce mini, kai ka shekara kana kiran mutane su sauka, ka ɗauka naka kurma ne?

Ga roƙona guda biyu. Na farko, in ya rubuto maka, don na ga ya kwafi adireshinka daga bayan kati, kada ka ba shi fuska. Na biyu zai ba ka dariya. Lauwali zai sauke albasa a kasuwar Ikko cikin wata mai kamawa, na kwatanta masa ofishinka. Ka samu galan ka cika mini shi da ruwan teku, daga inda ya fi ƙazanta, kusa da inda jirage ke zubar da baƙin mai. Ina so in ajiye shi gaban Imran in ce ga abin da kake mafarki, sha. In ya ji wari da ɗaci wataƙila ya dawo hankalinsa. Na koyar da yara da yawa, na san abin da aka taɓa da hannu ya fi zama.

Kada ka tambaye ni ko don shi kaɗai nake so.

Gaisuwa ga Tabita da yara.

Naka,
Magaji


Maiyama, 18 ga Afrilu, 1995

Shadrach,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. An ce kun yi bikin Ista, Allah ya maimaita. Ka ga daga Maiyama nake rubutu. Ina gidan Ummukulsum. Na ce musu jikoki na zo gani, amma gudowa na yi, kuma ina jin ta gane.

Galan bai iso ba, Lauwali bai ma tashi da wuri ba, ni kuwa na kasa jira. Imran ya rame. Ba ya gardama, ba ya ɗaga murya, sai dai in ya zauna ƙafarsa tana ta rawa, kamar tawa. Mu biyu a tsakar gida kamar an ɗaure awaki da igiya ɗaya. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin da ya daɗe yana ganin ya fi kowa wayo. Na ce tun da bakina ne ya kira shi, bakina zai mayar da shi.

Ranar kasuwa rumfa ta cika har waje, aka sa fim ɗin tsoho mai jirgi. Imran yana inda ya saba, bakin ƙofa kusa da wayar janareta. Na bi labarin yadda na saba har aka zo wurin hular ƙarfe. Tsoho ya fara motsa baki. Na gyara murya na ce: "Kada ka sauka, ɗana. Ba komai can ƙasa sai duhu da laka. Zauna ka gaji jirgina, ka rufe ni in na mutu."

Abin da na manta, Shadrach, shi ne mutanen nan sun ga fim ɗin ya fi a ƙirga. Sun riga sun buɗe baki za su faɗa tare da ni, sai suka ji wani abu dabam. Can wani mahauci da ake kira Gudiya, mai murya kamar gangar noma, ya ce, "Malam, ba hakanan kac ce ba ran kasuwar da ta wuce!" Wani daga baya ya ce, "Mi as samu tsohon ga? Ko ya tuba?" Aka fashe da dariya.

Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma ka san ni. Na buga sanda a benci kamar ina aji, na ce wa ya iya harshen nan, ni ko ku? Na ci gaba da sa wa tsoho magiya. Ga shi kuwa a talabijin yana washe baki, yana ƙara ɗaure hular da hannunsa, yana bubbuga kafaɗar Jan Wando. Ina cewa "kada ka bar ni," shi kuma ya sa hannu biyu ya tura yaron cikin ruwa, har yana ɗaga masa hannu. Gudiya ya ce, "To ga shi ya hana shi, har da turawa!" Sai rumfa gaba ɗaya ta ɗauka da murya ɗaya, sauka ka gano mini, ɗana, suna buga benci, har Tamu ya shigo da gudu ya ɗauka faɗa ake yi.

Na duba bakin ƙofa. Imran bai yi dariya ba. Shi kaɗai a rumfar ya san da wa tsohon yake magana. Ya dube ni, irin duban da ake yi wa mara lafiya, ya tashi ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini.

Na ajiye sanda na bi ta bayan rumfa. Washegari na hau kabu-kabu na taho nan.

Ba abin da nake yi sai yawo. Jiya na taka har tsohuwar makarantarmu. Ɗakin da muka zauna ni da kai an mayar da shi wurin ajiyar kujerun da suka karye. Na leƙa ajina ta taga. Taswirar duniyar da na zana da fenti a bango tana nan, sai dai shuɗin ya koɗe, tekun duk ya zama launin toka, yara sun rubuta sunayensu a tsakiyarsa. Na tsaya ina neman Ikko da yatsa ta cikin taga har wani malami, yaro ƙarami, ya zo ya ce Baba wa kake nema. Na ce ba kowa.

Ummukulsum ta ce Imran ya zo Maiyama gyaran inji shekaranjiya, ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi lafiyata, bai shigo ba. Ya ce a gaya mini maganarsa tana nan, ba zai tafi ba sai na ce. Ka ji. Na yi masa wasan yara a gaban mahauta, shi kuma yana riƙe mini girmana.

Ban canza ra'ayi ba, kada ka ɗauka. Ka dai aiko da ruwan.

Naka,
Magaji


Jega, 11 ga Mayu, 1995

Abokina Shadrach,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na dawo gida. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma har yanzu bai zuba ba, kowa sai duban sama yake yi.

Na gode. Saƙonka ya iso, ko in ce galan ya iso. Zauna ka ji.

Na samu labari motar Lauwali ta shigo tasha da hantsi. Ban jira ya aiko ba, na sa takalmi na tafi, har ina tuntuɓe. Na same shi ƙarƙashin mota shi da makanike, yana ta zage-zage. Da ya gan ni ya fito yana share hannu, ya shiga gaban mota ya miƙo mini galan fari da sunana a jiki da rubutunka. Na karɓa da hannu biyu don na ɗauka da nauyi. Sai hannuna ya tashi sama. Ba komai a ciki.

Na ce ina ruwan? Ya ce, "Malam, mota ta yi zahi bayan Kontagora, ba gari ba rijiya. Na duba na ga galan cike. Ruwa na, na zuba ma mota." Wai ai da ka ce masa ruwa ne ya ɗauka irin na tofi ne da ake aiko wa tsofaffi, ya ce a ransa in ya iso zai cika mini da na randa, albarkar tana jikin galan. Sa'an nan ya juya kaina da faɗa. Wai wane irin abokin arziki ne zai aiko wa mutum ruwan gishiri, ga shi lagireto ya toshe, tun Yauri yake tafe yana tsayawa. Ya ce in ruwan Ikko haka yake to su riƙe abinsu.

Ka ji ƙarshen tekuna. Ya taso tun daga bakin duniya, ya haye Kwara, saura kaɗan ya iso hannuna, ya ƙare a cikin lagireton motar albasa. 'Yan tasha suka yi ta dariya. Ni ma na so in yi, abin ya ƙi fitowa.

Na dawo gida da galan a hammata, na shiga zaure na zauna. Na buɗe murfin. Ya bushe ƙaf, zafin gaban mota ya shanye ɗan abin da ya rage. Amma a cikin murfin akwai wani farin gari da ya kama, kamar kanwa. Na shinshina, akwai wani ƙarni da ban san irinsa ba, ba na kifin gulbi ba. Kuma ba warin baƙin mai. Ashe ba ka bi maganata ba, ka je wuri mai tsabta ka ɗebo. Na san ka da gangan ka yi.

Na sa harshe na lasa.

Shadrach, sau nawa na rubuta a allo cewa ruwan teku yana da gishiri? Na yi wa yara bulala a kan wannan. Na ci jarrabawa da shi. Amma sai ranar nan, ina zaune a zaurena da murfin roba a hannu, na san gaskiya ne. Da gaske akwai shi. Yana can yana motsi yanzu haka da nake rubutu, kuma ni ba zan gan shi ba. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Ƙafafuna ba za su ɗauki kwana biyu bisa buhunan albasa ba, kuma lokacin da suke iyawa na tsaya jiran a ba ni izini, a tura ni kwas, a ga cancantata. Ba wanda ya gani.

Ina nan zaune Imran ya shigo. Ya riga ya ji labari a tasha. Ya tsuguna nesa kaɗan. Na yi niyyar ajiye masa ƙazanta in ce sha. Sai na ga ina miƙa masa murfin. Na ce saura kaɗan a gefe. Ya lasa. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, ashe kai ma ba ka taɓa gani ba." Ba tambaya ba ce. Na ce ban taɓa ba. Ya ce shi tun ranar da na fara sa wa tsohon nan magana ya gane.

Maganar tafiyarsa ban yanke ta ranar ba. Na fita na taka har gada na dawo, na sake komawa. Hamsatu ta ce in na gama auna hanyar in gaya mata tsawonta.

Zan sake rubutowa. Ka gaida Tabita, ka ce mata na gode da galan, na ga alamar na manjanta ne.

Naka,
Magaji


Jega, 20 ga Mayu, 1995

Abokina Shadrach,

Ina gaishe ka, ina gaida Tabita da yara. Wannan takarda ba ta gidan waya za ta zo ba. Wanda ya miƙo maka ita shi ne Imran. Ka dube shi da kyau, za ka ga hancin uwarsa da taurin kaina.

Na janye roƙona na farko. Ka ba shi fuska. Ka ba shi tabarma a wani lungu har ya samu wuri, ka nuna masa ƙofar da ake bugawa. In ba a ɗauke shi a jirgi ba, hannunsa ba zai bar shi da yunwa ba. Yana salla a kan lokaci, ka nuna masa masallacin da ke kusa da ku. Ba ya cin barkono da yawa, ka gaya wa Tabita, don shi ba zai faɗa ba.

Ina rubutun nan ne a kan benci a tashar Jega, ana ɗaure wa motar Lauwali tamfol. Imran ne ya wanke masa lagireton da hannunsa, shi ya sa ya yafe mana. Uwarsa ta yi kukanta a gida ta gama, ta cika masa buhu da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama kamar mai tafiya Makka.

Ɗazu ya zo ya durƙusa gabana a tsakiyar tasha. Na dafa kansa na yi masa addu'a. Na shirya maganganu tun jiya, na manya, irin na malamai, amma da na buɗe baki ba abin da ya fito. 'Yan lodi suna bisa buhuna suna kallonmu, rabinsu 'yan rumfar Tamu ne. Sai ɗaya ya ce, "Malam, ka manta? Mu tuna maka?" Kafin in ce wani abu suka ɗauka gaba ɗaya. Ka san abin da suka ce. Wannan karon ban buga sanda ba. Na jira suka gama, na ce masa, ka ji, haka tsohon ya ce, wancan na ranar kuskuren fassara ne.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. Ranar da ya iso, kafin maganar aiki, kafin komai, ka kai shi bakin ruwa, wurin da ka ɗebo. Ka tsaya baya ka bar shi. Kuma kada ka rubuto mini yadda abin ya kasance, na ga iyakar ƙoƙarinka. Shi zai rubuto. Na ce masa shafi biyu, ba layi ɗaya ba.

Gobe ranar aiki ce a rumfa, Tamu ya aiko har gida wai Gudiya ya ce ba ya kallo in ba ni. Zan koma. Wani ne dai zai riƙa tayar da janareta.

Ga galan nan na ba shi ya mayar. A sake cikawa. Na rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, BA NA LAGIRETO BA NE.

Sun tayar da mota, dole in naɗe. Allah ya kai shi lafiya, ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Magaji Alelu, Malam Taswira